Ɗaga Bayan Mota Daban, Gyara Tafiyarta Daban

Duk wanda ya saba zuwa tasha ranar kasuwa ya san yadda Golf ɗin haya ke barin gari: but a buɗe an ɗaure shi da igiya, buhuna sun leƙo waje, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Amma gindin motar bai taɓa ƙasa ba. Sirrin yana gareji. An cire sifirin ɗin da ta zo da shi an sa na motar da ta fi ta nauyi, ko an cusa roba mai kauri a tsakanin murɗensa. Direba ya ce an ɗaga mata baya, kuma a wurinsa aiki ya yi kyau. Kaya kam za ta ɗauka. Abin da za ta yi idan akuya ta ratso titi ana tsaka da gudu, wannan ba a cika tambaya ba.

Tayoyin gaba ne ke karkatar da mota, amma na baya ne ke riƙe ta a kan hanyar da ta dosa. Idan gaba ya sulluɓe a kwana, motar za ta buɗe ta nufi gefen titi, kuma da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, yawanci sai ta dawo hayyacinta. Idan baya ne ya sulluɓe, gindin zai nemi wuce kai, motar ta juya, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. Shi ya sa kamfanoni ke tsara motocin gida yadda gaba zai riga baya sallamawa. Shi ya sa kuma masu yin taya irin su Michelin ke cewa wanda ya sayi sababbi guda biyu ya sa su a baya. Mu kuwa a nan gaba muke kai su, mu tura sudaddun baya.

Ga inda taurin sifirin ya shigo. Mota na shiga kwana, nauyinta na komawa kan tayoyin da ke waje. Ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan nauyin. Ita kuma taya, in an ninka mata nauyi riƙonta na ƙaruwa, amma ba ya kai ninki. Don haka tayar waje ba ta iya cike giɓin da ta ciki ta bari, kuma ɓangaren da aka taurara shi zai fara sakin kwalta. Masu tseren mota da gangan suke amfani da wannan. Motar da ke ja da gaba takan yi taurin kai a kwana, sai su sa mata sitabilaiza mai kauri a baya, wato sandar ƙarfen nan da ke haɗa tayar hagu da ta dama. Da awo suke yi, domin sandar ba ta da wasa: daga kaurin milimita 20 zuwa 22, taurinta na ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. Direban haya da ya taurara bayan motarsa ya yi irin wannan aikin ba tare da ya sani ba, ya kuma ɗaga nauyin motar sama. Da kaya tana iya lafawa. Ranar da zai dawo fayau a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ne za ta nuna halinta.

Kamfanin Peugeot ya fuskanci wannan buƙata ta ɗaukar kaya tun a kan 504, wadda aka fara fitarwa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Salun ɗin farko kowace tayar baya da hannunta take, tana hawa da sauka ita kaɗai. Da suka zo yin wagon ba su tsaya ga ƙara tauri ba. Sun tsawaita tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, suka sa aksil guda mai ƙarfi, suka ɗora shi kan sifirin huɗu, biyu a kowane gefe. A-kori-kura kuma suka ba ta sifirin na ƙarafa a jere. Aikin da ya sa injiniyoyi sake zane shi muke so a gama mana kafin la'asar.

Akwai wani ɗan abu da ba kowa ke lura da shi ba. Tsofaffin Golf da Hilux da yawa marasa ABS suna da bawul a ƙarƙashin baya, wanda aka haɗa da aksil. Idan kaya suka danne motar ta sauka, bawul ɗin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi; idan ta ɗagu, ya rage. To an sa sifirin da ba ya sauka. Motar na ɗauke da buhuna, bawul na ganin babu kowa a ciki, sai ya bar birkin gaba da kusan duk wahalar. Wanda ya canja tsayin baya bai sake saita wannan bawul ba, rabin aiki ya yi.

A ganina, yawancin motocin da masu su ke kukan suna lilo ba ƙari suke nema ba, abin da suka rasa suke so a mayar musu. Sifirin nauyi kawai yake ɗauka. Shok ne ke hana shi ci gaba da tsalle, ta hanyar matsa mai ya bi ta ƙananan ƙofofi. Idan ya mutu, taya sai ta riƙa dukan ƙasa kamar ana sussuka, kuma a duk lokacin da take sama babu riƙo babu birki. Alamarsa na jikin tayar: cinyewa gurbi-gurbi, da danshin mai a jikin shok ɗin. A hanya mai gargada man kan yi zafi ya yi kumfa, shi ya sa shok mai gas, wanda aka matse naitirojin a cikinsa, ya fi dacewa da hanyoyinmu. Bibbiyu ake canja su, hagu da dama. Na Beljiyam da ake jerawa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba a gane sauran kwanansa da ido, komai ƙyallin fentin.

Sai bushin. Idan robar ta tsage, aksil zai riƙa motsi inda bai kamata ba, bayan motar ya riƙa yi wa kansa sitiyari. Yawancin bushin ɗin roba ana ƙarasa ɗaure su ne bayan an sauke motar ta tsaya kan tayoyinta. In an ɗaure tana kan jak, robar za ta zauna a murɗe, ta sake tsagewa da wuri.

Bayan duk wannan a kai ta awon taya, huɗun duka. A Accord da Camry ana iya saita na baya. A Golf 3 da Corolla masu ƙarfe guda a baya kusan babu abin saitawa, don haka in awo ya nuna karkata, galibi ƙarfen ne ya lanƙwashe a wani rami. Gasa shi da wuta a buge da guduma na canja taurin da aka ƙera shi da shi. Wani ake nemowa a sa.