Ko Kun Sani? Yadda Aka Rage Wa Majalisar Dattawan Birtaniya Ƙarfi

Ko kun san cewa rikicin haraji ne ya karya lagon Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ba a zaɓen 'ya'yanta? A 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo kasafin da ya ɗora haraji a kan masu manyan filaye. Dattawan, waɗanda da yawansu su ne masu filayen, suka yi fatali da shi. Sai da aka yi babban zaɓe sau biyu a 1910, Sarki George na Biyar kuma ya amince zai naɗa sababbin dattawa su rinjaye su, sannan suka saduda, suka amince da dokar da ta rage musu ƙarfi.

Dokar 1911 ta hana su tare dokar kuɗi fiye da wata ɗaya, sauran dokoki kuwa jinkirin kusan shekara biyu kawai za su iya yi musu. A 1949 aka mai da shi shekara ɗaya.

Gyaran su wane ne ke zama a majalisar shi ya yi tafiyar hawainiya. Mata ba su samu shiga ba sai a 1958, abin takaici, shekara 40 bayan an fara ba su damar jefa ƙuri'a. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami ɗaruruwan masu gadon kujera, ta bar 92. Yunƙurin 2012 na a riƙa zaɓen kashi 80 cikin ɗari na 'yan majalisar kuwa ya ruguje, saboda turjiyar 'yan jam'iyyar Conservative.