Ƙasusuwan ƙugu a cikin zanen mutum

Idan aka ce wa yaro ya zana mutum, da kai yake farawa. Ya sa idanu, ya sa hanci da baki. Ya yi ciki kamar buhu, sannan ya ja layi biyu ƙasa, ya ce ƙafafu ne. Wanda ya duba zanen sai ya ga kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Ba ya tsaye da kyau, ba ya zaune, ba ya tafiya.

Mene ne ya rage? Ƙugu ne aka manta. Ƙafafu ba daga ciki suke fitowa ba, daga ƙugu suke fitowa. Wanda ya san ƙugu ya sami rabin zanen mutum.

Mene ne a cikin ƙugu?

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Waɗanda suke a ƙugu sun haɗu sun yi siffar tasa mai zurfi. Don haka ne a faransanci ake ce wa wurin «bassin», wato tasa. Wannan tasa ba a miƙe take ba, ta ɗan karkata gaba, kamar za a tsiyaye ruwa daga cikinta.

Ƙasusuwa 4 ne suka yi tasar. Akwai manya 2 masu faɗi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ne kwatangwalo. Akwai ƙashin kwankwaso a baya, mai kusurwa 3, wanda ya shiga tsakaninsu kamar an buga shi da guduma. A ƙarshensa akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi kamar guntun wutsiya. A jikinku, ku yara, kowane kwatangwalo kashi 3 ne. Sai kun balaga za su gama haɗewa su zama ɗaya.

Tasar tana da aiki 3. Tana ɗaukar nauyin kai da ƙirji da hannuwa, ta miƙa shi ga ƙafafu. Tana riƙe da hanji da mafitsara, da mahaifa ga mace. Kuma a gefenta akwai rami 2 inda kan ƙashin cinya yake shiga yana juyawa, kamar taɓarya a cikin turmi. Ƙashin cinya shi ne ƙashi mafi tsawo a jikin mutum.

Alamomi 5

Nama da tufafi sun rufe ƙasusuwan nan, ba mu ganinsu. Amma akwai wuraren da ƙashi yake matsowa kusa da fata. Su ne alamomin mai zane. Ku tashi tsaye. Kowa ya nemi nasa a jikinsa, ta bisa riga.

1. Bakin tasa. Ku riƙe ƙugu da hannu biyu, kamar mai jin haushi. Ƙashi mai lanƙwasa da hannunku ya sauka a kai, shi ne bakin tasa. Yana kusa da tsayin cibiya. A bisansa zariyar wando take zama. Shi ne kuma yake hana zane da jigida su zame ƙasa.

2. Ƙulli 2 na gaba. Ku bi bakin tasa da yatsa zuwa gaba. Za ku ji ya ƙare da wani ɗan ƙulli mai tauri, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ku riƙe su da kyau a zuci, domin su ne suka fi amfani. Layin da ya haɗa su shi ne yake nuna mana ko ƙugu yana daidai ko ya karkata.

3. Loɓa 2 na baya. A ƙasan baya, bisa ɗuwawu, akwai wurare 2 da fata ta ɗan loɓa. Ana ganinsu sosai a bayan jariri in ana yi masa wanka. A nan ne kwatangwalo ya haɗu da ƙashin kwankwaso. Mai zanen mutum ta baya da su yake aiki.

4. Ƙashin katara. Ku sauke hannu daga bakin tasa, ta gefe, kamar faɗin tafin hannunku. Ku juya ƙafa ciki da waje. Za ku ji wani ƙashi yana motsi ƙarƙashin yatsunku. Wannan ba na tasa ba ne, saman ƙashin cinya ne. Nan ne ƙugu ya fi faɗi. Ƙashin mara, inda kwatangwalo biyu suka haɗu a gaba, yana kusan tsayi ɗaya da shi.

5. Ƙasusuwan zama. Ku zauna a kan benci, ku sa tafin hannu ƙarƙashinku. Ƙasusuwa 2 za su danne muku yatsu. Su ne gindin tasa. Wanda ya daɗe a kan jaki ya san su sarai.

Ina ne tsakiyar mutum?

Yara da yawa suna cewa cibiya ce. Ga jariri gaskiya ne, domin kansa babba ne, ƙafafunsa gajeru. Amma ga babban mutum tsakiya ta sauka ƙasa, ta kai wajen ƙashin katara. Daga nan zuwa tafin ƙafa kusan daidai yake da daga nan zuwa bisan kai. Wanda ya sa tsakiya a cibiya zai yi mutum mai guntayen ƙafafu.

Masu zane da kai suke aunawa. Tsawon babban mutum ya kai kansa 7 da rabi. Don sauƙin lissafi, da yawansu suna ɗaukar 8. Ga yadda za ku yi a kan allo:

Ku ja layi a tsaye mai santimeta 16, ku raba shi gida 8. Kowane gida santimeta 2 ke nan. Gidan farko shi ne kai. A santimeta 6 daga sama ku ɗiga cibiya. A santimeta 8 ku ja layi a kwance mai santimeta 3, bakinsa biyu su ne ƙasusuwan katara. Tsakanin cibiya da wannan layi ku zana tasar. Ƙasan gwiwa yana a santimeta 12. Faɗin kafaɗun namiji ya yi santimeta 4.

Ku lura da abu biyu. Na farko, ƙasusuwan cinya ba su sauka a miƙe kamar turaku. Daga katara suna matsowa ciki, har gwiwoyi su kusa haɗuwa. Na biyu, in mutum ya saki hannuwansa, wuyan hannu yana faɗawa daidai ƙashin katara, yatsu kuma su kai tsakiyar cinya.

Tasar mace ta fi ta namiji faɗi, ba ta kai ta tsawo ba, kuma ƙofarta ta ƙasa ta fi girma, domin ta nan jariri yake fitowa. Don haka in kuna zanen mace ku ƙara faɗin ƙugu kaɗan, ku rage na kafaɗu. Ga ƙananan yara bambancin bai fito ba tukuna.

Ƙugu yana motsi

Mutum ba ya daɗewa a tsaye kamar soja. In ya gaji sai ya ɗora nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Ku gwada. Ku sa yatsu a kan ƙulli 2 na gaba, ku dogara a kan ƙafar dama, ku saki ta hagu. Me ya faru? Ƙullin dama ya hau, na hagu ya sauka. Kafaɗu kuwa sun yi akasin haka: ta dama ta sauka, ta hagu ta hau. Haka jiki yake yi don kada ya faɗi. Ramin da yake ƙasan maƙogwaro kuma ya koma daidai bisa ƙafar da ta ɗauki nauyi.

Masu sassaƙa dutse na ƙasar Girka sun gane wannan tun shekaru fiye da 2400 da suka wuce. Lewonardo da Binci, mutumin Italiya da ya rayu daga 1452 zuwa 1519, ya yi nazarin gawawwaki, ya zana ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya don ya san abin da yake ƙarƙashin fata.

Ku ba ku bukatar wannan wahala, ido ya ishe ku. Ku dubi yarinyar da ta saɓa ƙanenta a gefe: ta turo ƙugu waje ya zama masa kujera, ta karkatar da ƙirji ɗaya gefen. Ku dubi mai ɗauke da tulu: ƙugunta yana hawa yana sauka, kanta kuwa bai motsa ba. Ku dubi ɗan kokawa a fage: ya buɗe ƙafafu, ya tura ƙugu baya, ya sauke shi ƙasa don kada a ɗaga shi.

Saboda haka, kafin ku zana ido ko riga, ku fara da layi biyu: na kafaɗu da na ƙugu. In sun zauna daidai, sauran jiki zai biyo.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne suka yi tasar ƙugu? Ku faɗi sunayensu.
2. Me ya sa zariyar wando ba ta zamewa ƙasa?
3. In zanenku yana da santimeta 24, ina za ku sa ƙashin katara?
4. In mutum ya dogara a kan ƙafar hagu, wace kafaɗa ce take sauka?

Aiki

Ɗaya daga cikinku ya tsaya gaban aji a kan ƙafa biyu, sannan ya dogara a kan ɗaya. Ku zana shi sau biyu da alli. Kada ku yi masa fuska. Ku nuna layin kafaɗu, da layin ƙugu, da tasar kawai.