Yadda Mai Zaman Kansa Ke Gina Suna a Kafafen Sada Zumunta

Mai zanen tambari ko mai ɗaukar hoto da ba shi da ofis, shafinsa ne shagonsa. Kafin a kira shi, sai an leƙa Instagram ko Facebook an ga aikin hannunsa.

Don haka ka tsaya kan sana'a guda, da suna guda a kowace kafa. Nuna aiki tun yana ɗanye: zanen farko a takarda, gyaran da mai kaya ya nema, sannan yadda tambarin ya fito a jikin kwali. Wannan ya fi yi wa kai kirari.

Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ce, ba sa kawo ciniki. Wanda ka cika wa alkawari kan lokaci shi ke yaɗa lambarka a WhatsApp. Amma nemi izininsa kafin ka wallafa aikinsa.