Ruwan Kwal: Ya Yi Garau, Amma Wa Zai Sha?

Ranar da na tace samfurin ruwan furojet ɗina ya fito garau, da gudu na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya shinshina kwalbar, ya miƙo min, ya ce, "To bismillah, sha mana." Ban sha ba, don warin asibiti take yi.

Warin nan na fenol ne, babban abin da ke gurɓata ruwan masana'antar kwal. Idan ana gasa kwal a wajen digiri 1000 ba tare da iska ba, don samun makamashin narka ƙarfe, tururin da ke fita yakan koma ruwa ɗauke da fenol, da amoniya, da sayanaid, da dangin naftalin, wato sinadarin ƙwallon kafur ɗin da ake sa wa a akwati. Wasu daga cikin dangin nan suna jawo kansa. Tacewa kuwa laka kawai take kamawa. Abin da ya narke wucewarsa yake yi.

Saboda haka aikin farko shi ne a san me ke ciki. Gwajin COD yana nuna yawan dattin gaba ɗaya: a dafa samfurin da dayikuromet da asid na awa 2 a digiri 150. Amma ba ya faɗin sunan kowa. Fenol yana da nasa gwajin, inda ake ɗiga wani sinadari ruwan ya koma ja, kuma ƙarfin jan shi ne yawansa. Sauran sai na'urar GC-MS, mai rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai a hoto na santa.

Wajen cirewa ne na sha wuya. Na ɗauka ƙwayoyin bakteriya za su cinye komai, na zuba musu ruwan yadda yake, kwana biyu duk suka mutu. Ashe fenol abincinsu ne in kaɗan ne, in ya yi yawa kuma guba. Shi ya sa a masana'anta ake fara kwashe mai da kwalta, a janye yawancin fenol da wani sinadarin da ba ya gauraya da ruwa, a kori amoniya da tururi, sannan a miƙa wa bakteriya. Abin da ya gagare su sai a bi shi da hanyar Fenton, wato gishirin ƙarfe da haidirojin feroksaid a ruwa mai tsami, ko a bi da shi ta cikin gawayin da aka sarrafa ya yi ƙofofi, dattin ya manne a jiki. Gawayin ma in ya ƙoshi sai an san inda za a kai shi, ba bola ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar Chaina ce kawai don ita ta fi kowa gasa kwal. Muna da kwal a Inugu tun 1909, ana haƙarsa a Maiganga ta jihar Gombe, Nijar ma tana ƙona nata kusa da Agadas don samun lantarki. Haƙa daban, gasawa daban, amma duk ranar da aka kunna tandun gasa kwal a ƙasar nan, ruwan nan zai fito. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, in fenol ya shiga rijiya aka zuba kulorin da niyyar tsarkakewa, haɗuwa suke yi su zama kulorofenol, wanda ɗan mitsitsinsa ya isa ya ɓata ɗanɗanon ruwan unguwa guda.