Lambun Kew, Inda Aka Ajiye Sunayen Itatuwanmu

Idan aka ce lambu, mu mutanen Gwadangaji da Birnin Kebbi abin da ke faɗo mana a rai shi ne fadamar gulbin Rima, inda ake noman albasa da tumatir. Amma akwai wani irin lambu wanda ba don kasuwa ake yinsa ba. A cikinsa akan tara itatuwa da tsire-tsire na ƙasashe dabam dabam, a rubuta sunan kowanne, a yi ta nazarinsu. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne lambun Kew, a kudu maso yammacin birnin Landan. Bari mu shiga tare.

An fara lambun nan a shekara ta 1759, a gonar Gimbiya Augusta, uwar Sarki George na Uku. A 1840 ya koma hannun gwamnatin Ingila. Faɗinsa ya fi eka 300, ba a gama zaga shi a yini ɗaya.

Wurin da za mu fara tsayawa shi ne wani babban ɗaki na ƙarfe da gilashi, wanda aka gama ginawa a 1848. Ingila ƙasar sanyi ce, itatuwan ƙasashen zafi ba su iya rayuwa a fili. Saboda haka ana ɗumama ɗakin, ana fesa ruwa, in ka shiga sai gumi ya karyo maka kamar tsakiyar damina. Nan za mu ga kwakwar manja da koko da ayaba da itacen roba. Akwai kuma wani tsiro mai kama da dabino da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, yana nan da ransa a cikin tukunya. Shekara wajen 250 ke nan ana ba shi ruwa, in mai lambu ya mutu wani ya gaje shi.

Can gefe akwai wani gini da masu bincike kaɗai ke shiga. A ciki an ajiye busassun ganyaye da furanni fiye da miliyan 7, kowanne an manna shi a takarda tare da sunan wurin da aka tsinko shi. Waɗansu daga ƙasarmu suka fito. Wani likita mutumin Sikotilan, John Dalziel, wanda ya fara aikin asibitin mishan a ƙasar Sin, ya zo Nijeriya ta Arewa a 1905. Ya tsinko tsire-tsire a Sakkwato da Kontagora da Katagum da Yola, yana tambayar mutane sunayensu da amfaninsu. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa. Daga baya ya koma aiki a Kew, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Sanin nan kuwa daga bakin kakanninmu ya same shi: manoma, da makiyaya, da masu magani.

Mutanen Kew suna da rumbun iri a wani wuri da ake kira Wakehurst, an buɗe shi a shekara ta 2000. Sukan busar da iri su ajiye cikin tsananin sanyi, domin in wani itace ya ƙare a ƙasarsa a sami abin shukawa. Ƙwayar da ta cika biliyan ɗaya, a 2007, irin gora ce daga ƙasar Mali.

To, ina zancen ya tsaya a gida? Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da hamada ke matsa wa. Ana sare itatuwa don girki da gawayi, ba a maye gurbinsu. Ɗorawa ce ke ba mu kalwa ta daddawa, kaɗanya ta ba mu man kaɗe, kuka ta ba mu miya. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina ya yi wa gona taki. Takarda a Landan za ta riƙe sunayensu, amma ba za ta yi mana inuwa ba.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku a yau: itatuwa nawa suka sani da suna? Ku fita da su gona, ku tafi da tsoho ko tsohuwa, gama da tsohuwar zuma ake magani. Yara su rubuta sunan kowane itace da amfaninsa. In ruwa ya sauka, kowane gida ya dasa ko da guda biyu ne, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a sa yaro ɗaya ya riƙa ba su ruwa da rani.