Motar lantarki da jan kaya: A yi tambaya kafin a kai wa mai walda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Birnin Ƙonni ranar Laraba da sassafe, ya san mu mutanen wannan yanki ba mu barin abin hawa ya ci banza. Ga amalanken jaki, ga kura, ga babur ɗauke da buhu uku, ga adaidaita sahu da aka ɗaure wa kwanduna har saman rufi, kowa na hanzarin ya riski kasuwa. Mutum zai sayi babur yau, gobe ka gan shi a wurin mai walda ana ƙara masa ƙarfe a baya domin ya ja 'yar amalanke. Wannan dabara ta rufa wa magidanta da dama asiri, kuma da ita ake fito da albasa daga gonakin Galmi zuwa bakin kwalta, da ita ake raba simintin Malbaza cikin unguwanni.

To, sai dai zamani ya zo da wani sabon abin hawa wanda ba ya shan mai, wato mota da keke da babur masu aiki da lantarki. Har yanzu ba su yi yawa a titunanmu ba, amma maganarsu ta shiga bakin 'yan kasuwa, kuma tambayar farko da ake yi ita ce: in na saya, zan iya sa mata ƙugiya a baya ta ja mini kaya? Wannan tambaya muka bi diddigi, domin kuwa jarin mutum na iya salwanta a kanta.

Abin da ya jawo maganar

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 29 ga watan Mayu na 2023 ne shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, inda cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Garuruwan kan iyaka irin su Ƙonni, waɗanda suka daɗe suna dogaro da man 'yan ruwa-ruwa da ke shigowa ta Illelar Najeriya, su ne suka fara ji a jikinsu. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin mai a Nijar, har dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai. Duk lokacin da mai ya yi tsada ko ya ɓace, kuɗin dako ne ke tashi, kuma mai sayar da tumatir da mai ƙosai su ke biya daga cikin 'yar ribarsu.

A ɗaya ɓangaren, rana ba ta yi mana rowa ba. A Malbaza aka buɗe tashar wutar hasken rana ta farko a Nijar cikin watan Nuwamba na 2018, mai ƙarfin megawat 7. A maƙwabciyarmu Sakkwato kuwa, a 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin cajin motocin lantarki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in ɗan kasuwa ya fara lissafin rabuwa da fetur.

Ba kowace mota aka yi don ja ba

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, kamfanin da ya ƙera mota shi ke yanke nauyin da za ta iya ja, kuma akwai motocin lantarki da dama da kamfanoninsu ba su yarda su ja komai ba, ko da kilo ɗaya. Renault Zoe da tsofaffin Nissan Leaf da aka sayar a Turai suna cikin wannan sahu, kuma irinsu ne aka fi samu da sauƙin kuɗi a kasuwar motocin hannu. Hatta kamfanin Tesla na Amurka, lokacin da ya fara sayar da ƙugiya ga motarsa Model 3 a Turai cikin 2019, ya ƙayyade mata kilo 910, ya kuma ce dole a nemi ƙugiyar tun wajen odar mota, domin a lokacin ba ya sa ta bayan an karɓi mota. 'Yar uwarta Model Y tana jan har kilo 1,600, kuma ita ana iya sa mata daga baya. Ka ga ke nan kamfani ɗaya, mota biyu, hukunci biyu.

Yaya mai saye zai gane? A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai akwai wani ɗan allo ko takarda da ke manne a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, mai ɗauke da lambobin nauyi a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayan cikinta, ta biyu kuma nauyin motar haɗe da abin da take ja. In aka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne ƙarfin janta. In gurbin lamba ta biyu babu komai, ko an rubuta sifiri, to motar nan ba ta ja, kome daɗin bakin dillali.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce motarka an yarda ta ja kilo 910, 'yar tirelar da aka ƙera maka kuma ita kaɗai ta kai kilo 250. Saura kilo 660 ke nan, wato buhun siminti 13 mai kilo 50, ko babban buhun albasa biyar zuwa shida, tunda shi yakan haura kilo 100. Wannan ma sai in tirelar na da birkin kanta, domin a ƙa'idar Turai tirelar da ba ta da birki ba ta wuce kilo 750 ita da kayanta, wasu motocin ma ƙasa da haka aka yanke musu.

Inda haɗarin yake

Motar fetur tankinta ƙarami ne, kuma duk wani bakanike ya san inda yake. Motar lantarki kuwa batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashinta kamar katifa, tun daga kusa da tayoyin gaba har zuwa na baya, kuma yawanci yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, wadda ke iya kashe mutum nan take. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta launin ruwan lemo ake yi musu domin gargaɗi. Mai waldar da ya saba da Starlet da Hiace, in ya shiga ƙarƙashinta da abin huda ƙarfe ko wutar walda, kuskuren ɗan yatsa ɗaya ya isa ya taɓa batirin. Batirin litiyom kuwa in ya kama wuta, kashe shi sai an sha wahala, yana ma iya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Ga shi kuma shi ne kaya mafi tsada a jikin motar. Ƙugiyar gaskiya ba a walda ta. Da noti ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a ƙashin motar. Fitilun tirela ma akwai 'yar na'urar da ake haɗa su da ita, domin yanke waya a jona kai tsaye na iya rikita kwamfutar motar.

Na biyu shi ne tafiya. Gwaje-gwajen da aka yi a Turai da Amurka sun nuna cewa jan tirela mai nauyi kan cinye wajen rabin nisan da caji ɗaya ke kaiwa. Motar da ke yin kilomita 250 ita kaɗai, da kaya a baya tana iya tsayawa a 125, alhali daga Ƙonni zuwa Tawa ya kai kimanin kilomita 130. A ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da hawa da gangarar ƙasar Adar ga mai bi ta Badagishiri zuwa Illela. Wanda mai ya ƙare masa zai aiki ɗan kabu-kabu ya sayo masa kwalba biyu, amma wanda caji ya ƙare masa da albasa a rana, sai dai a jawo shi. Kada kuma mu manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar.

Na uku birki. Motar lantarki kan rage gudu da injinta, tana mayar da wuta cikin batir. Amma in batirin cike yake, kamar da safe an fito daga caji, wannan taimako yakan ragu, sai nauyin mota da na kaya duka su koma kan birkin ƙafa.

Masu keke da babur fa?

Mun san yawancin masu karatunmu, musamman mata masu haɗa adashi su sayi abin sana'a, hankalinsu ya fi karkata ga keke mai ƙafa uku. A nan ma hukuncin ɗaya ne. Injin keken ƙarami ne, kuma akwai wani ɗan akwati da ke raba masa wuta daga batir. In aka ɗora masa kaya fiye da ƙima, aka kuma ɗaura masa amalanke, akwatin da injin su ke ɗaukar zafi har su ƙone, musamman a yashi ko a hawa. Batir mai ruwa irin na dalma kuma, in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, ba ya daɗewa. Ƙungiyar matan da ta zuba shekara tana tara kuɗi, tana iya wayar gari da keke a jingine saboda direba ya so ya yi sawu ɗaya a maimakon biyu. Wanda aikinsa dako ne, gara tun farko ya sayi keken kaya mai akwati a baya, wanda aka rubuta nauyin da yake ɗauka a jikinsa.

Shawararmu

Masu iya magana na cewa matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayarwa ko abin hawan yana ja, kilo nawa, a kuma ce ya nuna a rubuce cikin littafin motar ko a kan allon da muka ambata. In akwai garanti, a tambaya ko sa ƙugiya zai ɓata shi, a kuma sanar da kamfanin inshora, domin ranar haɗari ba ranar neman bayani ba ce. In an sa ƙugiyar, a jera kaya masu nauyi a kan tayoyin tirela, a ɗan rinjayar da su gaba kaɗan, domin nauyi in ya taru a wutsiya tirela takan riƙa kaɗawa har ta fi ƙarfin direba. A sa sarƙar tsaro, a sa fitila, kada kuma a ɗora mutane a kai.

Ga 'yan uwanmu masu walda da kanikawa, in aka kawo muku motar da ba ku san cikinta ba, faɗin gaskiya ya fi karɓar kuɗin aiki. Muna kuma kira ga hukumomi da cibiyoyin koyar da sana'a na jihar Tawa da su fara horar da matasa kan waɗannan ababen hawa tun kafin su cika tasha.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.