Shuɗin Man da ke Ɗiga a Bayan Babur

Ƙorafin mai babur ɗin gajere ne: "Oga, yana zubar da mai." Babban babur ne na hannu da aka shigo da shi daga Ingila, irin na cin dogon zango, bai jima da saye ba, ga bazara ta kankama a Kano. Duk sanda ya dawo daga fita sai ya tarar da ɗigo-ɗigon mai a jikin wilin baya da ƙarƙashin lamba. Hankalinsa ya tashi, domin ya san kayan irin wannan inji ba a kowace kasuwa ake samun su ba.

Bakanike ya fara da abin da kowa zai fara zargi, wato baƙin mai. Ya miƙar da babur ya leƙa tagar auna mai, ya ga yana nan a kan layinsa. Ya kwance murfin ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan kaca daga inji, inda robar tare mai ke yawan saki, ya shafa yatsa a bayansa, babu alamar yoyo. Ya duba man birki, bai ragu ba. Ya duba shakazoba, a bushe take. Ga mai a jikin wili, amma babu wurin da ya yi asarar mai.

Sai ya sa yaronsa ya yago farar takarda ya goge ɗigo ɗaya. Yaron ya ɗaga ta a rana ya ce, "Oga, ai wannan shuɗi ne." Man inji in sabo ne ruwan zuma ne, in ya tsufa baƙi ne. Wannan shuɗi ne, ba ƙamshin fetur, ba ƙaurin ƙuna. Ke nan bai taɓa zagaya cikin inji ba.

Aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur aka bar shi ya kwana. Da safe kwali fes. Bakanike ya ce wa yaron, "Yoyo ba ya barci. In roba ce ta fashe, ko da dare sai ta zubar. Wannan sai inji ya tashi yake fitowa." Suka ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, suka tayar da inji ba tare da sa giya ba, suka tsuguna suna kallo. Ba a jima ba ɗigo ya taru a bakin wani siririn tsinken roba da ke shafar gefen farantin baya, dab da inda kaca ke hawa haƙora. Ya sauka, wani ya biyo bayansa.

Daga tsinken nan suka bi wani siririn tiyo da aka manna a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ya haura har ƙarƙashin kujera. A nan suka tarar da 'yar kwalbar roba da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, da sauran shuɗin mai a ciki, da wani murfi mai lambobi da ake murzawa. Wani tiyon kuma, baƙi, ya fita daga kanta ya nufi maƙogwaron da inji ke shaƙar iska. Bakanike ya zare baƙin tiyon daga kwalbar ya ɗora ɗan yatsa a bakinsa, ya ji yana tsotsar fatarsa. Ɗigo ya tsaya. Ya mayar, ɗigo ya dawo. A jikin kwalbar an rubuta Scottoiler.

Yaron ya ce, "To mu cire shi mana, Oga, a huta." Bakanike ya ce, "Dakata. Wanda ya ɓata lokaci ya ja tiyo har nan ba a banza ya yi ba. Dubi kacar tukuna." Kacar kuwa abin kallo ce. Babu tsatsa, babu gaɓar da ta ƙage, babu daskararren baƙin datti. Haƙoran faranti a miƙe suke, ba su lanƙwashe ba. Ya kama kacar ta bayan faranti ya ja, da ƙyar ta ɗaga. Layukan da ake dubawa in za a ja taya baya don ɗaure kaca sun nuna ba a taɓa matsawa da nisa ba. Tambaya ta sauya: me ya haɗa ɗigon nan da lafiyar kacar nan?

Amsar tana cikin gaɓoɓin kaca. Tun 1880 da Hans Renold ya yi rajistar wannan samfurin kaca a Manchester, gininta bai sauya sosai ba: kowace gaɓa tana da ƙusa, da ɗan bututun da ƙusar ke juyawa a ciki, da zoben ƙarfe a waje wanda ke zama tsakanin haƙora. Masu babur suna cewa kaca ta miƙe, amma ƙarfen ba ya talewa. Ƙusa da bututu ne ke cin juna har rata ta buɗe. Kacar babban babur tana da gaɓoɓi sama da ɗari. In kowace ta cinye kashi ɗaya cikin goma na milimita, an haɗa fiye da santimita guda. Daga nan kaca ba ta zama daidai a kan haƙora, sai ta riƙa hawa samansu tana sassaƙe su, a wayi gari sai an sauya kaca da faranti biyu a lokaci ɗaya.

Kacar manyan babura ta zamani tana da ƙananan zobban roba da ke kulle giris a kewayen kowace ƙusa tun daga masana'anta. Amma robar kanta in ta bushe sai ta tsage, giris ya tsere, ruwa da ƙasa su shiga. Zoben ƙarfen da ke dukan haƙora kuma a waje yake, babu abin da ke kare shi. Shi ya sa littattafan babura da yawa ke cewa a sa wa kaca mai bayan kowane kilomita 500 zuwa 1,000. Matsalar ita ce mutum yana mantawa, in kuma ya tuna sai ya lafta mai kauri mai danƙo don ya daɗe. Danƙon ya kama ƙura da yashi, cakuɗar ta zama magagari, tana goge ƙarfen da aka sa ta ta kare.

Wani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Fraser Scott ya bi ta wata hanya, kuma a shekarun 1980 na'urarsa, wato Scottoiler, ta shiga kasuwa daga kusa da birnin Glasgow. Maimakon mai da yawa sau ɗaya, sai mai kaɗan a kai a kai, marar danƙo. Tsotson da inji ke yi ne ke ɗaga wani ɗan bawul a cikin kwalbar, mai ya gangaro da nauyin kansa, kusan ɗigo ɗaya a minti. Ɗigon ya sauka a gefen faranti, juyawar faranti ta watsa shi cikin kaca. Da yake ba ya kama jiki, tsohon mai yana fallatsa waje ya tafi da dattin da ya kwasa, sabo ya maye gurbinsa. An kashe inji, tsotso ya ɗauke, bawul ya rufe. Dalilin da kwali ya kwana fes ke nan.

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ta kawo mai babur gareji. In ɗigo ɗaya ne a minti, me ya jiƙa wili haka? Bakanike ya duba agogon wayarsa yana ƙirge, ya ga ɗigon ya ninka haka sau da yawa. Tunda babu famfo a cikin na'urar, kaurin mai ne ke yanke saurin zubarsa, zafi kuwa yana tsinka mai. Kamfanin Scottoiler da kansa ya rarraba mansa bisa yanayi: shuɗi don yanayin digiri 0 zuwa 30, ja mai kauri don digiri 20 zuwa 40. Wanda ya hau babur ɗin a Ingila ya saita murfin ne da sanyin ƙasarsu. Man nan ya zo ya haɗu da ranar Afirilu a Kano, inda zafi kan kai digiri 40, ga hucin inji a ƙarƙashin kujera, sai ya tsinke ya riƙa gudu. Na'urar lafiyarta ƙalau, saitinta ne na wata ƙasa.

Aka murza murfin baya kaɗan-kaɗan ana ƙirge har ɗigo ya koma ɗaya a minti. Aka wanke wili da gefen taya tas, domin mai a kan taya hatsari ne da ba a wasa da shi, musamman a kwana. Bakanike ya ce wa mai babur, "Yallaɓai, ka nemi jan man kafin wannan ya ƙare. In hunturu ya shigo ka dawo mu sake saitawa, don da sanyin asuba zai yi kauri."

Akwai wasu samfuran. Na kamfanin Tutoro na Ingila girgizar hanya ce ke buɗe bawul ɗinsa, ba ya taɓa inji. Akwai masu aiki da batir da ɗan famfo, waɗanda ke auna ɗigo ba tare da damuwa da zafi ba sosai. Dukkansu suna bukatar a riƙa cika su, kuma babu wanda ke ɗaure kaca in ta yi sako-sako.

Ɗan acaba mai Bajaj Boxer ba lallai ya sayi irin wannan na'ura ba, domin yana da abin da babban babur ba shi da shi: murfin da ya rufe kaca ruf daga ƙura. Abin takaici, da yawa suna cire shi da zarar ya fara ƙara, su bar kaca a fili, su kuma kwarara mata tsohon baƙin mai a kan dattin jiya. Mai babur, ka bar murfin kacarka a wurinsa. Ka wanke ta da kananzir da buroshi kafin ka sa mai, ka sa kaɗan, ka goge ragowar, ka maimaita kafin ta bushe. Kuɗin kaca da faranti biyu ya fi kuɗin kwalbar mai nesa ba kusa ba.